Wayar da Abdurra'uf Ya Ɗaura

Janwe, motar jan motoci, ne ya kawo motar garejin Lawal da ke Nassarawo, da hantsi. Baƙa ce doguwa, irin motocin Turai da manyan ma'aikata ke saye ta Kwatano a da, tayoyinta duk sun zauna, busasshen ganyen darbejiya ya cika gindin gilashin gaba. A bayan janwen wani keke Napep ya tsaya, saurayi ya diro, sannan wata dattijuwa ta sauko a hankali da jaka da lema.

Saurayin ya ce sunansa Sammy, daga Mbamba suke, wannan kuma mamansa ce, Madam Keturah, tsohuwar malamar firamare. Motar ta babansa ce, Apollos, wanda ya rasu bara. Ta fi shekara goma a tsakar gida. Tsohon bai yarda kowa ya ɗaga bonet ɗinta ba, sai dai lokaci zuwa lokaci ya tashe ta, ya tsaya yana sauraron kukanta, ya kashe. Yanzu Sammy so yake ta koma titi, kuma abokansa sun gaya masa duk Jimeta babu wanda ya san kan mota mai supacaja kamar Lawal.

Supacaja injin hura iska ne da ke zaune a kan babban inji. Bel ke juya shi, shi kuma yana cusa wa injin iska da ƙarfi don ya ƙara ja. A gefensa akwai ɗan bawul mai kama da marfi. In direba yana tafiya a hankali, marfin ya buɗe ya saki iskar, inji ya huta. In an taka totur, wani sifirin, naɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya koma, ya ja marfin ya rufe, duk iskar ta shige ciki. Samarin gari kan kawo wa Lawal motocinsu ya sa musu sifirin mai tauri don marfin ya riƙa rufewa da wuri, mota ta zabura tun daga tashi. Wannan aikin Sammy ya zo nema.

"Oga, so nake in na taka a nan a ji ni a Girei," in ji shi.

"Fara neman taya tukuna," Lawal ya ce. "A yadda take, ko bakin titi ba za a ji ka ba."

Madam Keturah ba ta yi dariya ba. Ta zauna a benci ta buɗe lema, ko da yake rumfa na kanta. Ta tambayi Lawal ko wannan ne sunansa na yanka, ya ce shi ne. Can kuma ta sake tambaya ko a Nassarawo aka haife shi. Ya ce a nan, bayan masallacin can. Daga nan duk inda hannunsa ya je idonta na biye.

Ya zuƙe tsohon fetur, ya canza mai da fulogi, ya ɗora batir. Bayan azahar ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Sai wani kuka ya taso daga cikin injin, siriri, dogo, ba ya yankewa. Lawal ya san kukan supacaja, amma sai an taka totur yake fitowa. Wannan kuwa ƙafarsa na ƙasa, motar na tsaye, kukan na ta hawa kamar na macen da aka aiko wa da mugun labari tana can ƙarshen unguwa. Mai gyaran taya da ke maƙwabtaka ya ajiye abin da yake yi ya leƙo. Lawal ya kashe injin.

Ya ce da Sammy bawul ɗin ya maƙale a rufe, shi ya sa. Ya kwance murfin roba da ke kan injin, ya ɗauki filaya, ya sunkuya. Bawul ɗin ba maƙalewa ya yi ba. Sifirin ɗinsa ya tsinke, wani ya ja hannun marfin ya ɗaure shi a rufe da waya.

Ya riga ya buɗe bakin filayar kafin ya lura da ɗaurin. An murɗe wayar ta hagu, ba ta dama ba kamar yadda kowa ke yi. An zagaya ƙafar ƙarfen, an dawo ta ƙarƙashi, sannan an lanƙwasa bakin an tura shi ciki don kada ya yanki yatsan wanda zai zo daga baya. Lanƙwasa bakin waya koyarwar mahaifinsu ce, Malam Buba, wanda ya kafa garejin. Murɗin hagu kuwa mutum ɗaya ke yin sa a gidansu, domin shi kaɗai ne bahago.

Abdurra'uf yayan Lawal ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, yana cikin direbobin da suka tafi kwaso mutane da bas. Bai dawo ba. Direbobin da suka biyo hanyar da yamma sun ce sun ga bas ɗinsa a ƙone kusa da Mararraba, amma ba wanda ya iya tsayawa ya duba ciki. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Mahaifiyarsu, Dada Kaltume, ta hana a yi zaman makoki. Duk wanda ya shigo ya ce Allah ya jiƙansa, takan tashi ta bar masa ɗakin. Malam Buba ya rasu bai san ko ɗansa ya riga shi ba. Yanzu Dada ta tsufa, hawan jini ya ci ƙarfinta, kullum idan Lawal ya shiga gaishe ta sai ta duba bayansa kafin ta dubi fuskarsa. Abin da ke damun Lawal ke nan dare da rana, kada ita ma ta tafi tana duban ƙofa.

Ya mayar da filayar aljihu.

"Ɗana, me ya sa ba ka yanka ba?" Madam Keturah ce, ta taso tana tsaye a bayansa.

Ya ce mata a garejinsu ba a yanke wayar wani. Idan mota ta lalace a hanya, bakanike ya ɗaure abin da ya karye don kawai ta kai gari, to wayar tasa ce, shi zai dawo ya kwance ya gama aikin. Haka mahaifinsu ya tashe su. Ya taɓa korar wani babban ma'aikacinsa saboda ya datse ɗaurin wani bai tambaya ba.

Ta rufe lemar, ta ce su koma benci.

A Mubi suke da zama a wancan lokaci, in ji ta, mijinta na aikin gwamnati. Da aka shigo garin, sai suka gudu da ƙafa zuwa wani ƙauye a gindin dutse, suka ɓuya kusan mako biyu. Daga baya Apollos ya lallaba ya ɗauko motar. Suka cika ta da mutane har but ɗin kaya na baya, nasu da waɗanda ba nasu ba. Kafin su kai Hong, a wani hawa, ƙarfin motar ya mutu. Inji na aiki, amma ja babu, ko mai keke zai wuce su. Suna jin harbi a baya, ba nesa ba. Apollos ya tsaya ya ɗaga bonet, ita ta riƙe masa saboda abin da ke tokare shi ya lalace. Mijinta kuwa bai san komai a inji ba, tsaye kawai yake yana kallo.

Sai ga mutum a gefenta. Ba ta ga ta inda ya fito ba. Dogo ne, da giɓi a haƙoransa na gaba, ba takalmi a ƙafarsa. Bai yi sallama ba, bai tambayi abin da ya faru ba. Ya zaro waya daga aljihu, ya sa hannun hagu ya ɗaure wurin nan. Ya ce da Apollos ya taka kada ya tsaya ko'ina, motar za ta sha mai, za ta yi zafi, za ta yi kuka, amma za ta kai su.

Lawal ya matso kusa da ita. Giɓin na yayansa ne. Kuma abin ya faru ne mako biyu bayan ƙonewar bas ɗin. Ashe ya fita da rai. Wataƙila kama shi aka yi, wataƙila yana can Kamaru ko wani sansani, hankalinsa ya taɓu ya manta hanyar gida. An ga irin haka. Ya tambaye ta da sauri ina mutumin ya nufa, ya ce yana tare da wasu, ya ambaci wani gari.

Ta girgiza kai. Ta ce sun roƙe shi ya shiga ko a kan cinyar wani ne, ya ƙi. Abu ɗaya ya ƙara faɗa, kuma ita ya kalla da ya faɗa.

"Ya ce, kada kowa ya taɓa wayan nan. Ku kai wa Lawal a Nassarawo, shi zai kwance."

Sun nema, in ji ta. Da suka iso Yola, Apollos ya bi garejojin Nassarawo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce babu bakanike mai suna Lawal. Gaskiya suka faɗa. A lokacin Lawal ya yi faɗa da mahaifinsa ya bar sana'ar, yana Legas yana haya da babur, garejinsu kuma a rufe yake tun ɓatan Abdurra'uf. Apollos ya gaji da nema, ya ajiye motar, ya ce ba zai karya maganar mutumin da ya cece su ba.

Lawal ya waiwaya ya dubi injin. Dokar mahaifinsu tana da kashi na biyu da bai gaya mata ba. Mutum ba ya ambatar wanda zai kwance masa waya sai in ya san shi ba zai dawo ba. Masu barin sana'a ke yin haka, da waɗanda ciwo ya kwantar.

Sammy, wanda ke jingine da motar yana latsa wayarsa ta hannu, ya yi 'yar dariya. Ya ce wannan labarin tun yana yaro ake ba shi, kuma shi yana cikin motar ranar, a kujerar gaba, a kan cinyar wata mata. Ta ƙasan bonet yana hango komai.

"Mama, ku biyu ne. Ke kin riƙe bonet, Baba ya naɗe hannu. Ban ga wani dogo ba."

"Kai yaro ne lokacin."

"Yaro ne, ba makaho ba."

Ta ce ya rufe mata baki. Sannan ta juyo ga Lawal, ta rage murya. Ta ce akwai abin da ba ta cika faɗa ba don kada a ce ta ruɗe. Rana tsaka ce, kowa ya jiƙe da gumi, amma mutumin ko ɗigo babu a goshinsa. Da ya sunkuya ta ga bayan rigarsa a ƙone, kuma ta ji ƙaurin taya. Da ta sauke bonet ta waiwaya don ta yi masa godiya, ba kowa. Gefen titi biyu gonakin gyaɗa ne da aka riga aka tone, fili fetal, ko akuya ce za a hango ta daga nesa.

Bayan sun tafi Lawal ya koma kan injin. Ya goge wurin da tsumma, ya matsa ido. Wayar mai kauri ce, irin wadda ake ɗaure rodi da ita a wurin gini. Ba a murɗa irinta sai da filaya, filaya kuma dole ta bar shaidar haƙoranta. Ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa. Sumul take. Duk ƙusoshin da ke kewaye da ita sun yi ja da tsatsa, ita kuwa fara tas kamar yau aka yanko ta. Ya taɓa ta da ɗan yatsa, ya janye, bai san dalili ba.

Washegari ya sa wa motar tayoyin aro, ya ce zai gwada ta a titi, abin da yake yi wa kowace mota. Ya fita da rana tsaka shi kaɗai. A cikin gari ta yi ta kukanta, masu keke na waiwaye. Ya hau gadar Binuwai ya nufi Girei, hanyar da ke zuwa Song da Gombi har Mubi. Bai shirya zuwa ko'ina ba, amma a ransa yana lissafin man da zai kai shi Hong.

Yana sauka daga gadar motar ta yi nauyi. Ya taka, ta amsa da kyar, kamar an cika ta da buhunan siminti. Bayanta ya zauna, yana jin sa a sitiyari. Ya duba madubi, kujerar baya babu kowa. Kukan ya ƙara siririta har haƙoransa suka fara tsami. Bawul na rufe, bel na juyawa, allurar zafi na inda ya kamata, babu dalilin da zai hana ta ja. Wata tsohuwar tifa ta wuce shi, yaran da ke bayanta suna yi masa dariya. Ya ci gaba da takawa har ya wuce Girei, motar na ƙara nauyi, tana jan ƙafa. Sai ƙaurin taya ya cika cikin motar.

Ya tsaya a gefen titi ya fito. Ya zagaya, ya dafa kowace taya, ba wadda ta yi zafi fiye da kima. Ya leƙa bel, lafiya lau. Ba mota a gabansa, ba mota a bayansa, ba tsuntsu, sai rana da gonaki. Ya tsaya a gaban bonet, ya ga inda mutum zai tsaya in zai ɗaure wayar da hannun hagu, ya ga ba ya son ya tsaya a wurin. Ya koma ciki ya juya kan motar.

Tana fuskantar Yola ta zabura. Ɗan taɓa totur kawai ya yi, ta manna bayansa da kujera. Nauyin ya tafi, ƙaurin ya tafi, ta wuce wata tifa kamar tana tsaye. Ya gaya wa kansa gangara ce, ko iska ce ta juya. Ya san hanyar tun yana yaro, babu wata gangara a wurin. Bai sake duba madubi ba har ya haye gada.

Bai kai motar gareji ba. Ya kira Sammy ya ce ya kawo mamansa Nassarawo, bayan masallaci, gida mai koren ƙyaure. Ya ajiye motar a ƙofar gidan, ya shiga ya sami Dada a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ya durƙusa ya ce akwai abin da yake so ta gani a waje, kuma akwai baƙuwa da ke tafe da magana a kan Hamma, wato babban yaya, yadda suke kiran Abdurra'uf. Ta ajiye faifan. Ta ce ya miƙo mata mayafi.

Da baƙin suka iso, matan biyu suka tsaya a gaban injin, Lawal na riƙe da bonet. Madam Keturah ta gaishe ta da ladabi, ta maimaita labarin tun daga farko, ba ta rage komai ba, har rigar da gonakin gyaɗar. Sammy na gefe yana saurare. Dada ta shafe shekara arba'in a gidan bakanike, ba sai an fassara mata ɗauri ba. Ta sunkuya ta daɗe tana kallon wayar. Ta bi murɗin da yatsa daga farko har inda bakin ya lanƙwashe.

"Da bakinsa ya kira sunan Lawal?"

"Da bakinsa, Hajiya. Ni ya kalla."

"Ya yi rama?"

Madam Keturah ta yi tunani, ta ce a'a, bai yi kama da mai yunwa ba, kuma ba ta ga tsoro a fuskarsa ba. Kamar mai sauri dai, wanda ake jira a wani wuri.

Dada ta gyaɗa kai. Ta miƙe tsaye ta gyara mayafi.

"Lawal, yayanka ya bar maka aiki. Kwance."

Sammy ya karɓi bonet ɗin. Lawal ya ciro filaya, ya dube ta, ya mayar. Ya sa yatsu ya zaro bakin wayar daga inda aka tura shi. Ya zaci zai sha wuya, amma ta biyo hannunsa kamar zare. Ya warware murɗin ɗaya bayan ɗaya, ta dama. A na ƙarshe hannun marfin ya saki, ya faɗa a buɗe da ɗan ƙara. Wayar ta karye gida uku a tafinsa, ta bar masa jan gari a yatsu.

Ya zagaya ya murɗa makulli. Injin ya tashi yana gurnani a hankali, irin na kowace mota. Suka tsaya suna saurare, ba wanda ya motsa. Can Sammy ya tambaya da ƙaramar murya ko sifirin ɗin nan mai tauri zai samu. Lawal ya ce zai sa mata irin nata na asali, in yana son wani abu daban ya kai wani gareji. Sammy ya ce na asalin ya isa.

Dada ta ce da Lawal in an idar da la'asar ya sami liman ya gaya masa, a sanar da dangi na Yola da na Yolde Pate, gobe za a yi zaman makokin yayansa. Ya aika a auno gero a daka gumba ta sadaka, a aro tabarmi a masallaci. Ta dafa ƙofar motar kafin ta juya.

Madam Keturah ta ɗauki jakarta za ta yi sallama. Dada ta riƙo hannunta.

"Ina za ki? Ke kika gan shi ƙarshe. Mata za su zo, za su yi tambaya, ni ban san abin da zan ce musu ba. Shigo ki zauna kusa da ni."

Madam Keturah ta miƙa wa Sammy lemar, ta ce ya je ya kwaso mata kayan kwana. Ta cire takalmi a bakin zaure ta bi bayanta.